Yadda ake cire tsohon kaki da man rufi daga kan karo ba tare da an ɓata ɗaki ba

Saura sati biyu Babbar Salla wata Hajiya a unguwar Lazare, nan Yamai, ta aiko a kira ni. Ina sa ƙafa a falonta na ga abin da ke damunta tun ba ta buɗe baki ba. Farin karo ne, wato tayil ɗin daɓen ƙasa, mai santimita 40 kowane gefe, amma tsakiyar ɗakin, inda ƙafa ke bi daga ƙofa zuwa kujeru, ya yi toka-toka kamar hanyar shanu. Gindin bango kuwa da ƙarƙashin kujeru sun yi ɗorawa, kalar man shanun da ya kwana biyu a kwalba. In ka taka ba takalmi sai ka ji tafin ƙafarka na kamawa, ɗaf, ɗaf.

Ta ce, "Malam, karon nan ya mutu. Ko dai fasa shi za a yi a sa wani?"

Na durƙusa a kusurwar bayan ƙofa, na ciro ƴar dala ashirin daga aljihu, na kankara da gefenta a hankali. Sai ga wani abu siriri ya naɗo kamar ɓawon albasa, a ƙarƙashinsa kuma karo fari tas, kamar jiya aka fitar da shi daga kwali. Na ce, "Hajiya, karonki lafiyarsa lau. Riguna aka yi ta jibga masa, kuma kowace riga da dauɗarta."

Wannan shi ne ciwon yawancin gidajen da ake kirana. Karo mai ƙyalli an gasa shi ne a wutar da ta haura digiri 1000, aka narka masa wani leɓe na gilas a fuska. Wannan gilas ɗin ba ya shan komai. Duk abin da aka shafa masa, ko kakin goge ƙasa da ake kira sir, ko man ƙyalli na roba, ko berni, wato man sheƙin da kafintoci ke shafa wa katako, ko kalanzir da wasu ke ɗigawa a ruwan guga don korar tururuwa, ko turaren guga mai maiƙo, a sama yake zama. Ranar farko ɗaki ya yi ƙyalli ya yi ƙamshi. Sai hunturu ya zo da ƙurarsa, ta kwanta kan maiƙon. Uwargida ta ga ɗaki ya dusashe, ta ƙara wani shafin a kan ƙurar. Shekara uku ana haka, an gina bango a kwance. Omo da tsumma ba za su taɓa fitar da shi ba, ko da kuwa za a kwana ana dirza.

Fara sanin abin da kake takawa

Kafin ka sayi komai, kafin ka zuba komai, ka ba wannan matakin rabin awa. A nan ne ake cin riba, a nan ne kuma ake asara.

Da farko karon kansa. Nemi wurin da ba a shafa wa komai ba, kamar ƙarƙashin kabad mai nauyi, ko ka kankare ɗan wuri kamar yadda na yi. Ɗiga ruwa cokali ɗaya, ka jira minti biyar. In ruwan ya tsaya yana kallonka, karo mai gilas ne ko kuma irin mai taurin nan da masu sayarwa ke kira gire seram, wanda ruwan da yake sha bai kai rabin kashi ɗaya cikin ɗari ba. Waɗannan suna da juriya, aikinsu da sauƙi. In kuwa wurin ya yi duhu, ruwan ya shige, to karon jar ƙasa ne marar gilas, shi kuma kaki ya riga ya shiga jikinsa, sai ka yi ta maimaita aikin sau da yawa. Akwai kuma abin da ya kamata ka tabbatar: kada ya zama marmara ko giranito, wato daɓen siminti mai tsakuwar marmara, kake ɗauka karo. A ɓoyayyen wuri ɗiga ruwan lemun tsami. In bayan minti biyu ka goge ka ga wurin ya dushe, to dutsen farar ƙasa ne, kuma duk inda na ambaci binegar a nan gaba, kai ka tsallake shi.

Na biyu, rigar da aka sa masa. Tambayi mai ɗakin ta kawo maka robar abin da take shafawa, in akwai. Sau da yawa a bayan robar an rubuta abin da ke cire shi. In babu, ka yi gwaji uku da auduga ko ƙyalle fari, kowanne a kan karo dabam.

A kan na farko ka ɗora audugar da ka jiƙa da amoniyak, wani ruwan wanki mai wari mai hawa kai, wanda aka sirka da ruwa, ka bar ta minti goma. In wurin ya yi laushi, ya yi fari-fari kamar tsala, man ƙyalli ne irin na akirilik, wanda shi ya fi yawa a kantuna. Masu yin sa kan ɗaure shi da sinadarin zinki domin kada sabulu ya wanke shi, amoniyak kuma shi ke kwance wannan ƙullin. Ka ga dalilin da ya sa omo ya gagara.

A kan na biyu ka goga ruwan da masu fenti ke kira wait-sipirit. In ƙyallen ya ɗauko kalar ɗorawa ko ƙasa-ƙasa, yana santsi a yatsa, to kaki ne na gaske, irin na gwangwani da ake yi da kakin zuma ko na ganyen wani ɗan giginyar Birazil, ko kuma tarin maiƙon kalanzir da turare.

A kan na uku ka ɗiga aseton, wato irin ruwan da ake goge jan farce da shi. In ya yi danƙo nan take, man rufi ne mai kama da berni. In kuwa duk ukun ba su motsa shi ba, alhali kana ganin leɓensa yana ɓanɓarewa a wasu wurare, ka haɗu da mai taurin kai, foliyuretan ko efoksi, zan zo kansa.

Akwai wani man rufin da ba ya barin leɓe ko kaɗan, wanda magina ke kira idirofij. Shi shigewa yake yi cikin juwan, wato layin simintin da ke tsakanin karo da karo. Ba ka ganinsa, sai dai ka ga ruwa na dunƙulewa a kan layin. Wannan ba a kankare shi, da kansa yake ƙarewa, kuma ba shi ne ke ɓata maka ɗaki ba. Ƙyale shi.

Kayan aiki

Yawancinsu za ka samu a shagunan kayan gini na kasuwar Katako, wasu kuma a manyan kantuna. Bokiti uku: ɗaya na magani, ɗaya na ruwan ɗauraya, ɗaya na zuba ƙazanta. Kada ka ce biyu sun isa. Burushin roba mai tauri da doguwar sanda, da ƙaramin burushi na layuka, tsohon burushin haƙori ma ya yi. Raklet, wato majanyin ruwa mai bakin roba, da abin kwasar shara mai faɗin baki. Makankarin roba, irin wanda masu fenti ke shafa andiwi da shi. Tsummoki na auduga da yawa, tsofaffin zannuwa sun fi komai. Safar hannu ta roba mai kauri, tabarau mai rufe gefen ido, da takalmin roba mai kama ƙasa.

Soson ƙarfe kada ya shigo ɗakin. Yana zana gilas ɗin karo, kuma ɓurɓushinsa na maƙalewa a layuka ya yi tsatsa. Koren soson wanke-wanke ma yakan dusar da karo mai sheƙi sosai, don haka gwada shi a ɓoye tukuna. Farin soso ya fi aminci.

Maganin kuwa, wanda na fi yarda da shi shi ne na kanti da aka yi musamman don wannan aiki. A jikin robarsa za ka ga an rubuta "décapant" tare da kalmar "cire" ko "sols". Bi awon da ke jikinsa. Galibi kashi ɗaya ne cikin ruwa kashi huɗu zuwa goma, gwargwadon kaurin dauɗar. In ba ka same shi ba, ka haɗa naka: ruwa lita 5, amoniyak kwata lita, da ɗan sabulun ruwa na wanke kwanoni cokali biyu. Duba ƙarfin amoniyak ɗin a jikin kwalbar. In mai kashi 13 cikin ɗari ne, fara da rabin wannan awon, in bai ci ba ka ƙara. Ga maiƙo da kaki marar kauri, garin da ake kira kiristo na soda, kamar cikin tafi biyu a ruwan zafi lita 5, yana aiki ƙwarai. An sha tambayata ko kanwa za ta yi, tunda ƴan gida ɗaya ne. Tana ɗan taɓa maiƙo in an jiƙa ta an tace, amma ba ta da ƙarfin kwance akirilik, kuma in ba a tace da kyau ba yashin cikinta zai zana maka karo. Soda mai ƙuna da mata ke yin sabulu da ita kuwa, ka nisance ta. Tana cin fata, tana makantarwa, kuma tana cin alminiyom ɗin ƙofofi.

Maganar da ba na so ka manta

Amoniyak da jabel, wato ruwan nan mai faranta tufafi da kashe ƙwayoyin cuta, ba sa haɗuwa. Ko a bokiti, ko a tsumma, ko a kan ƙasa ɗaya bayan ɗaya. In suka haɗu hayaƙi suke fitarwa mai ƙona huhu. Haka jabel da asid, haka jabel da binegar. A gidajenmu kusan kowace guga da jabel ake yin ta, shi ya sa nake nanatawa. In da safe an goge ɗakin da jabel, a ɗauraye shi da ruwa zalla sau biyu, a bar shi ya bushe, sannan a fara. Tsumman da aka saba guga da shi a ajiye shi waje. Kuma a gaya wa duk wanda zai taya ka aikin, musamman yara masu son taimako, kada wani ya zo daga baya ya ce bari ya ƙara ɗan jabel don ya fi fita.

In magani ya fantsama a ido, a wanke da ruwa mai gudu na minti goma sha biyar ba tsayawa, sannan a tafi likita da robar maganin a hannu.

Aikin kansa

Tun ana gobe za ka yi aikin ka tara ruwa. Falo mai mita 5 a tsaye 4 a kwance zai iya cin jarka biyar ko shida masu lita 25, kuma a bazara famfo kan yi rauni daidai lokacin da kake buƙatarsa. Ba abin da ya fi ciwo kamar a ce ka zuba magani sai ruwa ya yanke. Fitar da kaya gaba ɗaya, naɗe darduma, share ƙura sarai, domin yashin da ya rage shi ne zai zama takardar goge katako a ƙarƙashin burushinka. Gindin ƙofar katako, ƙafar kabad ɗin da ba ya ɗaguwa, da bakin alminiyom, a rufe su da leda a manne da sikoci.

Fara da sassafe, bayan sallar Asuba. A watan Afrilu, lokacin da zafin Yamai ke haura digiri 40, in rana ta ɗaga ƙasa kanta ɗumi take yi, magani ya bushe kafin ya gama aikinsa. Buɗe tagogi da ƙofofi duka, amma kashe fankar sama. In kana da ta tsaye, kafa ta a bakin ƙofa tana fuskantar waje domin ta ja warin ta fitar. Tsofaffi, masu ciki, masu asma da ƙananan yara su koma tsakar gida.

Fara daga kusurwar da ta fi nisa da ƙofa, kana ja da baya. Kada ka jiƙa ɗakin gaba ɗaya. Ɗauki wuri kamar faɗin tabarmar salla biyu, karo goma sha biyu ko makamancin haka. Tsoma tsumma a maganin, ka shimfiɗa shi a yalwace, wurin ya jiƙe sharkaf har ruwa ya kwanta. Maganin kanti da na amoniyak da ruwan sanyi ko mai ɗan ɗumi ake haɗa su, domin ruwan zafi na kore ƙarfinsu ya bi iska ya shiga hancinka.

Sai jira. Minti biyar zuwa goma. Wannan jiran shi ne rabin aikin, kuma shi mutane ba sa iyawa. Suna zubawa sai su hau dirza, su gaji, su ce maganin jabu ne. Bar shi ya ci. Amma idonka na kansa: duk inda ka ga ya fara shanyewa, ƙara masa. In ka bari ya bushe, kakin da ya narke zai sake daskarewa, ya dawo da tauri fiye da da, da zane-zane a kansa. A hunturu, da iska ke bushe leɓe, nakan shimfiɗa leda a kan wurin da na jiƙa domin ya riƙe danshi.

Za ka ga alama. Ruwan da ka zuba garau zai fara komawa fari, sannan ƙasa-ƙasa kamar kunun da aka dama da ruwa da yawa. Gwada da makankari. In ya taso ba gardama, lokaci ya yi. Ɗauki burushi ka dirza, kana zagayawa, sannan ka bi tsaye ka bi kwance. Gindin bango da kusurwoyi su ne matattarar kaki, tunda ƙafa ba ta bi ta nan balle ta rage shi, don haka a nan sai ka durƙusa da makankari da ƙaramin burushi. Karo mai gurza-gurza a fuska, irin na baranda da banɗaki, shi ma sai an bi ramukansa da haƙuri.

Ka kula da takunka. Narkakken kaki ya fi kuɓewa santsi. Tsaya kullum a kan busasshen wuri, ka miƙa sanda. Na taɓa ganin wani yaron aikina ya zame ya bugi gwiwa, sati biyu yana ɗingishi, tun daga ranar ba wanda ke shigar min wurin aiki da silifas.

Da ka gama dirza, kada ka tsaya shan iska. Ja ƙazantar da raklet zuwa abin kwasa, ka juye a bokiti na uku. Kada ka ɗebe ta da tsumman ɗauraya, in ka yi haka kakin za ka rarraba wa sauran ɗakin. Bayan ka kwashe, bi wurin da ruwa mai tsabta, ka sake ja. Sannan ka matsa gaba, kana ɗan hawa kan gefen wurin da ka gama da kamar tafin hannu, domin kada a bar layi a tsakani.

Tarin shekaru ba ya fita a zagaye ɗaya. A falon Hajiya, tsakiya sau ɗaya ya isa, gindin bango kuwa sai da muka yi sau uku. Gwamma ka maimaita da magani mai sauƙi da ka ƙara masa ƙarfi fiye da kima. Hanyar ganewa ita ce ka bar wurin ya bushe, ka haska fitilar wayarka a kwance dab da ƙasa. Inda kaki ya rage zai fito tabo-tabo, wani wuri na sheƙi wani ya dushe.

In wurin babba ne, masallaci ko ɗakin taro ko shago, nemi masu injin goge ƙasa mai faifai ɗaya, wanda suke kira monoburos. Sosonsa kala-kala ne: fari ya fi taushi, sai ja, sai kore, baƙi ya fi kowanne kaifi. A kan karo mai sheƙi ka ce musu ja ko burushin roba. Baƙin na ƙasa mai gurza ne.

Ɗauraya

Idan an gama ɗakin duka, sai a ɗauraye shi daga farko har ƙarshe, aƙalla sau biyu, ana canja ruwa da zarar ya gurɓace. A zagaye na biyu zuba binegar fari kamar kwata lita a bokiti mai lita 10. Shi zai kashe sauran kaifin maganin, wanda in aka bar shi yakan bar farin hazo a kan karo, ya kuma riƙa kama ƙura. Kada binegar ya daɗe a ƙasa, domin layukan siminti ba sa son tsami. Bi shi da ruwa zalla, ka tsane da busasshen zane. Shafa tafin hannunka a kan karon. In ka ji yana ƙara, ƙiiƙ, kamar farantin tangaran da aka wanke da kyau, ka gama. In akwai santsi ko danƙo, da saura.

Ruwan ƙazantar kada a watsa shi a tsakar gida inda kaji da tumaki ke kai baki, balle in akwai ragon layya ɗaure a kusa. Kada kuma a zuba a gindin bedi ko mangwaro. A sirka shi da ruwa mai yawa, a zuba a magudanar wanka.

In kaki ne na gwangwani, ko berni

Kakin gaske mai kauri ya fi jin wait-sipirit. Jiƙa ƙyalle, ka goge karo biyu ko uku, ka bi da busasshen ƙyalle kafin ya sha iska, kana juya ƙyallen zuwa gefe mai tsabta. Daga baya ka wanke da ruwan kiristo mai zafi don cire maiƙon da ya bari. Man rufi mai danƙo kuwa aseton ko diluwan ɗin masu fenti ke narka shi, amma aseton a zafinmu kafin ka ƙifta ido ya tashi. Sai dai karo ɗaya-ɗaya: zuba, rufe da ƙyalle minti ɗaya, kankare, goge.

Waɗannan ruwaye duka wuta suke nema. Kafin ka buɗe murfinsu, kaskon turaren wuta, gawayin shayi, tukunyar gas, sigari, maganin sauro na kunnawa, duk a kashe a fitar. Tururinsu ya fi iska nauyi, ƙasa yake bi, yana iya rarrafawa har madafa ya tarar da wuta. Kada ka kunna ko ka kashe makunnin lantarki alhali ɗakin ya cika da wari. Man fetur kuwa, ko wa ya ba ka shawarar ka wanke ƙasa da shi, kada ka saurare shi. Tsummokin da ka yi aiki da su a shanya su waje a inuwa, a baje, kada a cusa su a leda.

Foliyuretan da efoksi sai maganin cire fenti mai kauri kamar koko, wanda ake shafawa a bari ya kumbura leɓen sannan a kankare. A nan shawarata ka kira wanda ya saba. In kuma kai za ka yi, karanta bayan gwangwanin. In ka ga sunan dikulorometan, mayar da shi. Tarayyar Turai ta yanke hana sayar wa jama'a irinsa tun 2009, Amurka ta bi sahu a 2019, saboda ya kashe mutane a rufaffun ɗakuna.

Asid

Ba zan rufe wannan bayani ban yi maganarsa ba, domin shi ne abin da ya fi ɓata min rai a sana'ar nan. Duk wanda ya ce karonsa ya dushe, amsar da zai fara ji ita ce a zuba asid. Asid ɗin magina yana da aikinsa: cire hazon siminti bayan an gama sa sabon karo, shi ma a sirke sosai. Amma kaki da man ƙyalli ba sa jin asid ko kaɗan. Zai bi ta kansu ya wuce, ya gangara cikin layuka ya cinye simintin.

An taɓa kirana wani gida a Talaje bayan an yi wannan gyaran gangar Abzinawa. Kakin na nan daram. Layukan kuwa sun zama rami, kana sa farce yashi na fita. Ƙafafun kujerun ƙarfe da hannun ƙofa duk sun yi jar tsatsa saboda tururin kaɗai. Maigidan ya tsaya yana kallo ya ce, "Ƙanena, da na sani ai da na bar shi yadda yake." Sai da muka cire kakin ta hanyar da na bayyana, sannan muka sake cika layukan ɗakin gaba ɗaya, aikin kwana ɗaya ya koma na huɗu.

Bayan ƙasa ta fito

Yanzu duba layuka. Inda siminti ya zube, kankare wurin ka cika da sabon simintin juwan. In kana so ka kare layukan daga shan miya da shayi, musamman a madafa, bari su bushe sarai, kwana biyu ga tsofaffi, sababbi kuma aƙalla kwana uku ko yadda aka rubuta a jikin robar. Sannan ka bi su da idirofij da ɗan siririn burushi, layin kaɗai, duk wanda ya hau kan karo ka goge shi kafin minti goma. Karon jar ƙasa marar gilas shi ne kawai ke buƙatar a rufe fuskarsa duka.

Karo mai gilas kuwa kada a sake shafa masa komai. Ƙyallinsa a jikinsa yake. A share ƙura kullum kafin a sa ruwa, a ajiye abin goge ƙafa a bakin ƙofa ciki da waje, a riƙa guga da ruwa da ɗigon sabulun ruwa kaɗan, a bi da ruwa zalla. Omo in ya yi yawa shi ma hazo yake bari. Mai son ƙamshi ta turara labule da kujeru, ta bar ruwan guga yadda yake.

Da muka gama na Hajiya, wajen La'asar, ta shigo ta tsaya a bakin ƙofa tana kallon hasken taga kwance a kan karon. Ta aiki jikarta ta ɗauko sauran robar man ƙyallin daga bayan kabad, kusan rabi, ta miƙo min ta ce, "Malam, tafi da ita, kada wani ya gani ya shafa." Na karɓa na sa a buhun kayan aiki, muka fara mayar da kujeru, muna ɗaga su sama don kada ƙafafunsu su ja ƙasa.